Kada Ka Wanke Farin Idon Tas

Ka ce ka haskaka idon matar nan a Photoshop, amma ya fito kamar na 'yar tsana, kana tambayar inda ka kauce. To jawo kujera, yaro, ka ƙara girman hoton zuwa kashi 100 mu duba tare.

Farin idon ne ka fara ɓatawa. Ido a mulmule yake, shi ya sa kusurwoyinsa ke da inuwa, fatar ido ta sama ma tana jefa masa tata. Kai kuwa ka share su duka, ka mai da shi fari fat, sai idon ya baje. Ba mai rai da farin idonsa yake haka. In ya yi ja ko ɗorawa, rage kaurin launin kaɗan, ka bar hasken yadda yake. Jijiya ɗaya ko biyu da suka yi kauri ka iya ɗauke su da Healing Brush, ƙananan ka ƙyale su.

Yanzu dubi ɗigon hasken nan da ke saman ƙwayar idon, ta ɓangaren hagu. Hoton tagar da ta haskaka fuskar ne, kuma shi zai gaya maka inda za ka taɓa. Haske in ya shiga ido ta sama hagu, ƙasa dama yake sauka. Can ne za ka bi da Dodge, wato abin ƙara haske, da buroshi mai laushi, ƙarfinsa kada ya wuce kashi 10, kana zana ɗan lanƙwasa sannu a hankali. Zoben da ya kewaye ƙwayar ka ɗan ƙara masa duhu da Burn. Baƙin tsakiya kuwa kada hannunka ya je wurin. Mai ido baƙi wuluk ma yana da ruwan ƙasa a ciki in haske ya same shi. Shi za ka fito da shi, ba ka ara masa launin da Allah bai ba shi ba.

Ɗigon ya zama wuri ɗaya a idanun biyu. Ina ganin masu ƙara ɗigon ƙarya a inda fitila ba ta taɓa tsayawa ba, kuma ko wanda bai san aikin hoto ba sai ya ji wani abu bai zauna daidai ba.

Kaifi a gashin ido da ƙwayar kawai za ka sa, ban da fatar ƙasan ido, don ƙara mata tamoji zai yi.

Kuma duk wannan a kan leya ta daban ake yi, wato shimfiɗar da ake ɗorawa a saman hoton asali. Tun 1994 Photoshop ke da leya, ban ga dalilin da za ka riƙa aiki a kan hoton asali ba. In ka gama, rage ƙarfin leyar zuwa rabi, ka mayar da hoton girman da za a buga shi, ka kashe leyar ka kunna. Goge wannan ka sake, ka fara da idon da ya fi kusa da kyamara.