Shin duk mahaɗin da ke fita waje sai an sa masa nofollow?

Ɗan'uwa, kana tambaya ko ka sa nofollow, wato alamar da ke gaya wa Google kada ta bi mahaɗi (link), a kan duk mahaɗin da ke fita daga shafinka don kada matsayinsa ya faɗi a Google. A'a, kada ka yi haka. Mahaɗin da kai da kanka ka sa zuwa majiyar da ka amince da ita, bar shi yadda yake. Wanda aka biya ka kuɗi a kansa, har da na kamasho, sa masa rel="sponsored", alamar da ke nuna cewa na talla ne. Wanda baƙi suka liƙa cikin rubutunsu, rel="ugc" ne nasa, alamar da ke nuna cewa masu ziyara ne suka sa shi. Nofollow kuwa na shafin da ba ka son a ce ka tsaya masa ne.

Amma fa a kula, tun Satumban 2019 Google ta sanar cewa shawara kawai take ɗaukar nofollow, ba umarni ba. Wani kuskure da ake yi shi ne sa nofollow a mahaɗan cikin gida, wato masu kai mutum daga wani shafinka zuwa wani shafinka, don ɓoye wani shafi daga sakamakon bincike. Ba ya ɓoyuwa, domin da zarar wani ya nuna hanyarsa daga waje, Google za ta iya gano shi. In kana son ɓoye shafi, sa noindex, wato alamar da ke hana a nuna shi a sakamakon bincike, a kan shafin kansa, kuma kada ka toshe shi a robots.txt, fayil ɗin da ke faɗa wa injinan bincike inda ba za su shiga ba, in ba haka ba Googlebot, manhajar Google mai karanta shafuka, ba zai shiga ya ga noindex ɗin ba.