Sayen makon masauki daga hannun mai shi

Tambaya: Malam, ina zaune a Jidda. Wani zai sayar mini da makonsa na kowace shekara a wani masauki a Amurka. Yaushe zai zama nawa?

Amsa: Hajiya, ki sa ran wata 2 zuwa 3. Kuɗinki ya zauna hannun lauya ko kamfanin riƙon amana, kada ki danƙa wa mai sayarwa. Wasu kamfanoni masu masaukai, irin su Disney, suna da haƙƙin shufu'a: kwana 30 suna duba ko su saya da kansu a farashin da kuka yi. Sai takardar da ke nuna ko ana bin mai shi kuɗin kula da gini. Nan ciniki ke yawan cijewa, musamman in makon na gado ne, magada ba su sa hannu duka ba. Kafin a sauya suna, ba ki da ikon kama ɗaki.