Shin Da Gaske Haka Fuskokin Matan Sarautar Turai Suke?

Tambaya: Malam, na ga zanen matan sarauta na Turai na ƙarni na 16, kowace fuska fara fat, babu ko tabo, ga tufafi masu nauyi. Haka suke da gaske, ko masu zanen ne suka ƙawata su?

Amsa: Malama, ƙawatawa kam akwai, kuma sau da yawa mai hoton ce da kanta ke ba da umarni. Isabella d'Este, uwargidan mai mulkin Mantuwa a Italiya, an haife ta a 1474. Wajen 1534, tana da shekara sittin, ta sa Titian ya zana ta, sai ga budurwa ta fito a jikin allo, domin wani tsohon hotonta aka ba shi ya kwaikwaya. Ta kuma karɓa da farin ciki.

Sarauniya Elizabeth ta ɗaya ta Ingila ma haka. A hoton da Marcus Gheeraerts ya yi mata wajen 1592 tana tsaye a kan taswirar ƙasarta, shekarunta sun kusa sittin, fuskar kuwa a wanke take, da ƙyar za ki ga inuwa. A 1596 majalisarta ta ba da umarnin a lalata hotunanta da ba su dace da darajarta ba. Farin fuskar nan yana da tushe a zahiri: matan fada suna shafa hoda mai farar dalma, wadda ke cin fata sannu a hankali, domin haske alama ce ta wadda ba ta taɓa aiki a rana ba.

Ni dai idan na tsaya gaban irin wannan hoto, tufafin nake fara karantawa, don su ne ke faɗin gaskiya. Dubi hoton Eleonora ta Toledo, matar mai mulkin Florence ɗan gidan Medici, da Bronzino ya zana wajen 1545, yana nan a gidan tarihi na Uffizi a Florence. Fuskarta shiru take, amma rigar siliki mai zanen rumman ta cinye rabin allon, hannunta na kan kafaɗar ɗanta namiji. Saƙon gidan Medici ke nan: muna da dukiya, muna da magaji.

Wani lokaci kuma hoto ne ke zuwa neman aure. A 1539 Sarki Henry na takwas na Ingila ya tura Hans Holbein ya zano masa Anne ta Cleves. Aka ɗaura aure a Janairun 1540, ango ya ce amaryar ba ta kwanta masa ba, kafin ƙarshen Yuli an warware auren. A wannan watan aka fille kan Thomas Cromwell, wazirin da ya haɗa auren. Holbein kuwa ya ci gaba da aikinsa a fada har rasuwarsa a 1543, hoton kuma yana gidan tarihi na Louvre a Faransa.