Kun Tambaya: Tsawa da Kayan Wutar Gida

Tambaya ta farko daga wani magidanci: "An yi ruwa da tsawa cikin dare, da safe na tarar talabijin da dikoda sun ƙone, alhali suna kan sitabilaiza kuma na kashe makunnin soket. Na sayi sababbi. Me zan saya in kare su?"

Allah ya mayar da alheri, ɗan'uwa. Sitabilaizarka ba ta ci amanarka ba, aikin da ba nata ba ne ka ɗora mata. An yi ta ne don wutar da ke hawa da sauka a hankali, irin wadda za ka ga ƙwan fitila ya dusashe sannan ya dawo. Bugun da tsawa ke turowa cikin waya kuwa ko ƙiftawar ido bai kai ba, kafin sitabilaiza ta motsa an riga an yi ɓarnar.

Kashe makunni ma bai isa ba. Tazarar da ke cikinsa 'yan milimitoci ce, alhali aradu guda kan kai bolt miliyan 300 da amfiya 30,000, wutar gida kuwa bolt 230 ce ko 120, gwargwadon ƙasa. Abin da ya keto iska daga cikin hadari har ƙasa, wannan ɗan gibi ba zai tare shi ba.

Amma ni wayar dish na fi zargi, tunda dikoda da talabijin tare suka tafi. Juya tsohuwar dikodar ka duba bakin da wayar ke shiga. In ka ga baƙin tabo ko ka ji ƙaurin roba, ta nan ɓarawon ya shigo, ya bi wayar HDMI ya iske talabijin. Mutane na mantawa da wannan ƙofa, haka ma wayar intanet da ta tarho.

Abin da za ka saya shi ne ekstenshan mai kariya daga hauhawar wuta. Ka lura, ba kowane mai jan makunni ne ke da ita ba, da yawa waya ce kawai da ramuka. Na gaske yana da wani ɗan faifai a ciki da ake kira MOV, wanda in wuta ta haura ƙima yake karkatar da rarar daga kayanka. Duba jikin kwalin, za ka ga an rubuta adadin jul, wato ma'aunin yawan bugun da yake iya shanyewa. Ga talabijin ko kwamfuta nemi mai 1,000 zuwa sama, mai fitilar da ke nuna kariyar na aiki, kuma in da hali mai bakin wayar eriya. Faifan nan kowane bugu cinye shi yake yi. Ranar da fitilar ta mutu a canja ekstenshan ɗin, ko da yana ba da wuta.

Duk da haka zan faɗa maka gaskiya: in tsawa ta faɗa kan gidan ko kan wayar da ke ƙofarka, babu ekstenshan da zai tsaya mata. Da ka ga hadari ya haɗo, zare fulogi, kwance wayar dish. Wannan ne kaɗai nake da cikakken yaƙini a kansa, abin sayen kuma don ranar da ba ka gida ne.

Wata baiwar Allah da ke gini ta ce: "An ce in kafa ƙarfen kama tsawa a rufi. In na sa, kayan ciki sun tsira?"

Hajiya, ki sa, amma aikinsa daban. Wannan ƙarfe, da Benjamin Franklin na Amurka ya kawo dabararsa wajen 1752, ginin yake karewa daga gobara da tsagewa, ta hanyar bai wa tsawa hanya zuwa ƙasa. Bugun da ke biyo wayar lantarki daga waje ba ruwansa da shi. Don haka ki sa ƙwararren mai aikin wuta ya ɗaura na'urar kariya a akwatin rarraba wutar gidan: nau'i na 2 ake sawa galibi, a haɗa da nau'i na 1 in akwai ƙarfe a rufi. In za ki sa sola, ɓangaren farantan ma yana son tasa. Abin da zan roƙe ki kada ki yi tsimi a kansa shi ne wayar ƙasa, wato wadda ke sauke rarar wuta cikin ƙasa: a binne sandarta da kyau, a auna ta a gabanki, a tabbatar ta kai kowane soket. In babu ita, rarar wutar ba ta da wurin zuwa.

Wani matashi kuma ya ce: "Da gaske ne a daina cajin waya lokacin tsawa?"

Wayar da ba ta jone da komai ba ta da haɗari, ƙanena, wadda ke jikin caja a bango ce matsalar. Ka cire tun hadari na nesa. Ƙirga daga walƙiya zuwa rugugi: kowace daƙiƙa 3 kusan kilomita 1 ce. In rugugin ya riga ya iso kanku, bar soket ɗin, kada ka taɓa, ranka ya fi caja. Bayan rugugi na ƙarshe ka jira minti 30 kafin ka mayar.