Amsa ga mai son tafiya gaɓar teku a bas shi kaɗai

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, barkanmu da warhaka. Ƙanena, na saurari tambayar da ka turo, inda ka ce kana son ka yi amfani da hutunka ka je wani gari mai nisa a gaɓar teku, a yankin zafi da yawan ruwan sama, kai kaɗai, a bas, alhali guzurinka bai taka kara ya karya ba, kuma kana son a gaya maka ko abin zai yiwu. Zai yiwu ƙwarai, kuma ina goyon bayan ka je. Sai dai ina so ka riƙe cewa a irin wannan tafiya, mai ƙaramin guzuri da lokacinsa yake biyan abin da mai kuɗi yake biya da aljihunsa, saboda haka idan kwanakin hutunka sun yi kaɗan, gara ka zaɓi gari mafi kusa da ka matse tafiyar.

Ka fara tsara tafiyar daga zangon ƙarshe, ka dawo baya. Babbar motar safa takan kai mutum babban birni ne kawai, inda kwalta mai kyau ta tsaya, daga nan kuma sai ƙananan motoci waɗanda ba su da lokacin tashi, sai sun cika. Irin waɗannan motoci da sassafe suke samun fasinja, domin 'yan kasuwa da masu komawa gida sammako suke yi, kuma wanda ya zo tasha bayan rana ta take zai iya zama awa uku a cikin mota ana jiran mutum biyu. Ga shi kuma a ƙasashen da ke kusa da ekwato, wato layin da ya raba duniya gida biyu, arewa da kudu, dare da rana kusan awa 12 ne kowannensu duk shekara, kuma idan rana ta faɗi ba a cika rabin awa ba duhu ya rufe. Baƙo ko da ido makaho ne, balle ya sauka da dare. Wanda ya isa cikin duhu ba ya iya taya kuɗin abin hawa, ba ya iya duba ɗaki biyu ya zaɓi ɗaya, duk abin da aka yanka masa shi zai biya. Don haka idan ka isa babban birnin da yamma, ka kwana a nan, ka kama motar farko da asuba. Kuɗin wannan kwana ɗaya ya fi sauƙi a kan asarar da saukar dare take jawowa.

Wasu za su ba ka shawarar ka bi motar dare domin ka tsira da kuɗin masauki. Ni na yarda da wannan a kan babbar hanya kaɗai, a motar kamfanin da ke da tasharsa da tikiti mai lambar kujera, wanda kuma yake sa direba biyu suna karɓar juna. A zangon ƙarshe kuwa ban yarda ba ko kaɗan, domin hanya ce siririya mai ramuka, kuma idan mota ta lalace babu mai wucewa sai gari ya waye.

Kafin ka tsayar da rana, ka binciki watannin damina na wannan yanki, domin wasu gaɓoɓin damina biyu suke yi a shekara. Ruwan dare ɗaya yana iya cinye kwalbati ko ya mayar da hanyar jar ƙasa taɓo, tafiyar awa biyar ta koma ta yini guda. Akwai kuma garuruwan da ba a shiga sai an tsallaka bakin kogi a jirgin fito, shi kuma jirgin a wasu wurare yana jiran cikar teku ne. A mafi yawan gaɓoɓi teku tana cika sau biyu tana janyewa sau biyu a cikin awa 24 da minti 50, wato lokacin cikarta yana ƙara jinkiri da kusan minti 50 kowace rana, shi ya sa lokacin da wani ya tsallaka makon jiya ba lalle ne ya zama naka ba. Ka tambayi direbobin da ke bin hanyar kullum, ka kuma ware kwana biyu a lissafinka waɗanda ba ka ɗora musu komai ba.

Batun kuɗi kuwa, ka cire kuɗin komawa gida tun kafin ka fita, ka ƙara musu na kwana biyu, ka ajiye su a jikinka a wurin da ba ka buɗewa a gaban mutane, kada ka lissafa su cikin abin kashewa. Ƙaramin gari yana iya kasancewa da na'urar cirar kuɗi guda ɗaya, ita ma wata rana babu kuɗi a ciki ko babu sabis, saboda haka ka ciri abin da zai ishe ka a babban birni, ka nemi canji ƙanana. Tikiti kuma a hannun mai sayarwa na tasha za ka saya, ba a hannun wanda ya tare ka a ƙofa ya karɓe maka jaka ba, kuma ka tambayi kuɗin kaya kafin a ɗora. Ka tsaya ka ga inda yaron mota ya sa jakarka da idonka. Idan a saman mota za a ɗaure ta, ka riga ka sa tufafinka cikin babbar leda a cikin jakar, domin tamfol ɗin da suke rufawa yakan yi yoyo ta gefen igiya, ka kuma ɗaura wani ƙyalle mai launi a hannunta yadda za ka gane ta daga taga duk lokacin da ake sauke kaya a hanya. Fasfo da waya da caja da magani suna cikin ƙaramar jaka a kan cinyarka, ko bayan gida za ka zaga da ita za ka tafi.

A cikin mota, idan kana fama da jiri ka nemi kujerar gaba ka riƙa duban nesa, ka ajiye waya. Duk inda aka tsaya ka sauko ka taka ƙafa, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa zaman da ya kai awa 4 ba motsi yana ninka haɗarin daskarewar jini a jijiyoyin ƙafa. Kada kuma ka ƙi shan ruwa don gudun fitsari.

Yanzu ga inda ba na son ka yi tsimi ko na sisin kwabo, wato lafiyarka. Idan za ka tsallaka iyaka, ƙasashe da dama suna neman katin rigakafin cutar shawara, katin kuma ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, ko da yake tun 2016 allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa. Ka ga likita tun da wuri a kan maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro, domin ana fara shansa kafin tafiya, a ci gaba bayan an dawo. Sauron da ke kawo wannan zazzaɓi daga faɗuwar rana zuwa asuba yake cizo, amma wanda ke kawo zazzaɓin denge da rana yake yawo, don haka gidan sauro kaɗai bai isa ba, sai da man shafawa mai korar sauro da riga mai dogon hannu. Idan zazzaɓi ya kama ka a can, ka je a gwada jininka, kuma kafin a gwada kada ka sha asfirin, domin idan denge ce yana iya jawo zubar jini. Zafin gaɓar teku mai laima ne, gumi ba ya bushewa, jiki yana ta zubar da ruwa ba tare da ya huce ba. Ka sha ruwan gora mai rufaffen murfi ko wanda ya tafasa na minti 1, ka tafi da ƙullin gishiri da sukari na kantin magani saboda gudawa. Idan babu, ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a ruwa mai tsabta lita 1 sun wadatar.

A masauki, ka nemi a nuna maka ɗakin kafin ka biya. Ka kunna fanka, ka murɗa famfo, ka gwada sakatar ƙofa daga ciki, sannan ka ɗaga gidan sauron ka haska shi da fitilar wayarka, nan take duk wata ɓula za ta bayyana. Ka biya na kwana ɗaya tukuna, washegari da rana ka zaga, sau da yawa za ka sami wanda ya fi araha a layi na biyu ko na uku daga bakin ruwa.

Ita kuma tekun, ina roƙonka ka girmama ta, ko da ka iya iyo a kogi. Ɗaya daga cikin abubuwan da suka fi halaka baƙi shi ne ruwan da ke komawa ciki da ƙarfi ta wata siririyar hanya tsakanin igiyoyi. Idan ka tsaya a kan tudu za ka ga wani tsiri mai duhu, a kwance lumui, babu farar kumfar fashewar igiya a kansa, alhali dama da hagu ruwa yana ta tumbatsa. Wurin da ya fi kama da mai aminci ke nan, kuma shi ne mai jan mutum. Wanda ya faɗa ciki kada ya yi kokawar komawa tudu kai tsaye, sai ya bi gefe, daidai da tsawon gaɓa, har ya fita daga tsirin. Kai da kake kai kaɗai, ka tambayi masunta inda ake shiga, ka shiga inda akwai mutane, kada kuma ka hau kwale-kwalen da babu rigar kariya.

Ka sauke taswirar yankin a wayarka tun kana da intanet, ka rubuta lambobin 'yan gida a takarda, ka kuma zaɓi mutum ɗaya da za ka riƙa turo wa lambar mota da sunan masauki, ku yi alkawarin abin da zai yi idan ya yini biyu bai ji ka ba. Ranar da ka sauka, tun ba ka bar tasha ba, ka tambayi ranaku da lokacin da motar komawa take tashi, domin a wasu garuruwan ba kullum ake samu ba. Bayan ka dawo gida kuma, idan ka ji zazzaɓi ko da bayan makonni ne, ka gaya wa likita inda ka je. Allah ya kai ka lafiya, ya dawo mana da kai lafiya.