Jaririna ya zo da tsagaggen leɓe, me ya sa aka ce mu jira?

Tambaya: Likita, sati uku ke nan da na haihu. Yaron ya zo da tsaga a leɓensa na sama, har ta ratsa cikin ganɗa. An ce sai ya kai wata uku za a yi masa aiki. Me ya hana a ɗinke yanzu? Ko wani abu na yi da cikin ya jawo haka?

Amsa: Barka da arziki, Malama, Allah Ya raya. Ki daina zargin kanki. Leɓe yana haɗuwa ne tsakanin mako na 4 da na 7 na ciki, ganɗa kuma ta biyo baya kafin mako na 12, lokacin da mata da yawa ba su ma tabbatar da cikin ba. In haɗuwar ba ta kammala ba, shi ne ake samun tsagar. Akan samu gado a ciki, haka shan taba da ciwon suga da wasu magungunan farfaɗiya, amma galibi ba a gano dalili. Kusan jariri 1 cikin 700 ne ke zuwa da irin wannan tsaga.

Jiran kuwa ba sakaci ba ne. Muna so yaro ya yi ƙwarin da zai jure maganin sa barci. Tsohuwar ƙa'idarmu ita ce ya cika mako 10, nauyinsa ya kai kilo 4.5, jininsa ya wadata. Aikin ma ya wuce ɗinke fata: sai an haɗa tsokar da ke zagaye baki, a daidaita hanci. Akan yi shi tsakanin wata 3 da 6.

Iyaye kan fi damuwa da leɓe don shi ido ke gani, ni kuwa ganɗar ta fi damuna. Ita ke raba baki da hanci. In ba a rufe ta tsakanin wata 9 da 18 ba, kafin yaro ya kama magana, sai iska ta riƙa fita ta hanci, maganar ta yi wuyar ganewa. Irin waɗannan yara kuma ruwa kan taru musu a cikin kunne, don haka a riƙa gwada jinsa. Idan tsagar ta taɓa dasashi, wajen shekara 8 zuwa 11 akan ɗebo ɗan ƙashi daga ƙugunsa a cike gurbin, haƙoran dindindin su samu wurin tsayawa.

Yanzu dai naki aikin shi ne shayarwa. Ba zai iya zuƙa da ƙarfi ba, sai ki tatsi nono ki ba shi da kofi ko kwalbar da aka yi wa irinsu, yana a kishingiɗe kansa sama, kina sa shi gyatsa akai-akai. In kin ga nauyinsa ba ya ƙaruwa, ki koma asibiti, kada ki jira ranar da aka sa muku.