Amsa ga ɗan'uwan da aka karɓi kuɗin giya aka mayar masa da tsohuwarsa

Ɗan'uwa, wallahi tun da na karanta abin da ka rubuta raina yake a ɓace, don kusan abin da aka yi mini ke nan sak. Ka ce inda ka sayi motar nan ne suka karɓe ta gyara, suka ce giya ta mutu, ka biya kuɗin wata giyar, ko wata guda ba a yi ba ta koma fizga, yanzu kuma suna cewa tuƙinka ne ya kashe ta. Kana tambaya ko ka kai su wajen 'yan sanda ko ka haƙura. Kada ka yi ko ɗaya tukuna. Don Allah ka ajiye motar nan inda take. Kada ka yarda wani bakanike ya kwance ko noti ɗaya ba tare da shaidu a tsaye ba, domin ranar da wani hannu ya taɓa ta a ɓoye, shi ke nan, za su ce shi ya ɓata, kuma ba ka da bakin magana.

Tawa Camry ce 'yar 2008, wadda ake ce wa Muscle. A wajen wasu dillalai na saye ta a nan Kano, masu gareji a bayan filin sayar da motocinsu. Da ta fara jinkirin shiga giya da safe sai na mayar musu, tunda su suka san ta. Manajan ya zagaya ta, ya sa yaro ya ɗan ja ta gaba da baya, ya ce Alhaji wannan sai dai a sauke a ɗora 'yar Baljiyam. Ko kwamfuta ba su jona mata ba. Na tura N480,000, kuɗin da nake tarawa na makarantar yara.

Abin da ba zan taɓa mantawa ba shi ne daren da ta tsaya mini. Na ɗauko Hajiyarmu daga asibitin Shika da ke Zariya, an sallame ta bayan an yi mata aiki, muna komawa Kano. Mun wuce Kwanar Dangora kaɗan sai na ji inji yana ihu, ina taka totur amma mota ba ta tafiya. Na gangara gefen titi. Magariba ta wuce, manyan motoci suna wucewa suna girgiza mu, Hajiya tana kwance a kujerar baya da ɗinki a cikinta, ƙanwata ta riƙe mata kai tana ta salati. Kun san yadda hanyar nan take da dare, ba sai na faɗa ba. Na kira manajan ya fi a ƙirga. Da ya ga dama ya ɗauka, na gaya masa halin da muke ciki, na ce ga mahaifiyata ba lafiya a cikin mota. Ya ce mini, "To ni janwe ne?" Ya kashe wayarsa. Wallahi har yau idan na tuna muryarsa sai na ji ƙirjina ya yi nauyi. Hajiya ce ma take ba ni haƙuri, tana cewa kada in tayar da hankalina, alhali ita ce mai ciwo. Wani direban Sharon ne, Allah ya saka masa da alheri, ya tsaya ya matsa wa fasinjojinsa suka ba ta wuri. Ni kuwa a nan na kwana a cikin mota.

Da na je musu kuma sai ya tara mini mutane. A gaban yaransa da masu sayen mota ya ce irinmu ne masu sayen motar da ba mu iya riƙewa, wai na ja ta a giya ɗaya tun daga Zariya. Mutumin da ko ƙanena na uku bai kai ba. Yana magana yana danna waya, ko kallona ba ya yi. Kuɗin ma bai ƙona mini rai kamar yadda ya mayar da ni maƙaryaci a bainar jama'a ba.

Ga abin da ya cece ni, shi nake so ka yi. Wani dattijon bakanike a unguwarmu ya ce ba zai taɓa ta shi kaɗai ba. Ya sa aka kira mutum biyu daga cikin shugabannin ƙungiyarsu ta kanikawa, wato NATA, na aika wa dillalan saƙo a rubuce cewa za a buɗe mota ranar kaza a wuri kaza, su turo wakili. Ba su turo ba, amma saƙon yana nan a wayata. Aka ɗora ta a rami ana ɗaukar bidiyo tun daga noti na farko. Man da ya zubo baƙi ƙirin, yana warin ƙauri, ga shi man giya mai lafiya ja ne. Maganaɗisun da ke cikin farantin ƙasan giyar ya cika da garin ƙarfe dam. Notukan da ke haɗa giya da inji kuwa ƙurarsu da tsatsarsu na nan yadda suke, ko alamar sifana babu a jikinsu. Ashe ba su sauke komai ba. Wanke bayanta suka yi da fetur, suka shafa gam a bakin farantin, suka zuba mata man da ba nata ba. Motar nan man giya nau'in WS littafinta ya ce a zuba, su kuwa abin da ya zo hannunsu suka ɗura.

Muna ƙarƙashin motar dattijon ya haska salansa da tocila ya ce in duba. Walda sabuwa fil, tana ƙyalli. Sun farke ta sun kwashe indomi, wato abin tace hayaƙin nan da ke cikinta, sun liƙe. Ka duba taka, don Allah ka duba. Idan ka ga tana shan mai fiye da da, ko ƙarar salansa ta canza, ko wutar inji ta kama a gaban direba, ka je a jona ta a kwamfuta, idan lambar P0420 ta fito to ka leƙa ƙasa. Abin nan yana da ƙarafa masu tsada a cikinsa, shi ya sa ake sace shi, wani lokacin ma yaran gareji ne ke yi mai wurin bai sani ba. Su ma yaran abin tausayi ne, wuni guda suna cikin baƙin mai ba a ba su ko na abinci, amma wannan ba hujjar cin amanar mutum ba ce.

Maganar 'yan sanda kuwa, dokarsu ta 2020 ta hana kama mutum a kan saɓa yarjejeniyar ciniki kawai. Za ka kashe kuɗi, a ce ku je ku sasanta, kuma irin waɗannan dillalan sun fi ka sanin mutane a caji ofis. Satar indomi ce kaɗai laifin da ya shafe su, ita ma sai kana da shaidar cewa da ita ka kai motar.

Ka nemi mai wurin da kansa, ka daina ɓata yawunka a kan manaja. Sau da yawa Alhajin yana Kwatano ko Legas wajen fito da motoci, abin da aka gaya masa kawai ya sani. Ni ta hannun limamin masallacin da yake salla na same shi. Kuma ka tambaye su abu ɗaya a rubuce: ina tsohuwar giyata? Wanda ya canza giya da gaske yana da tsohuwar a ajiye, yana kuma da rasit na shagon da ya sayo sabuwar, ko a kasuwar Kofar Ruwa ne ko a ta Ladipo da ke Legas. Masu sayar da kayan Baljiyam sukan yi wa kayansu alama da fenti saboda garantin 'yan kwanakin da suke bayarwa. A nuna maka alamar. Nawa da aka yi musu wannan tambayar a gaban shugabannin ƙungiya sai kame-kame, manajan nan mai baki ya koma cewa yaro ne bai fahimci umarninsa ba.

Ka tara komai: shaidar tura kuɗi ta banki, saƙonnin WhatsApp, muryar da suka turo maka. Daga yau kada ka ƙara yin magana da su ta kira, ka rubuta. Kada ka zage su, kada ka sa sunansu a Facebook da zafin rai, don za su juya maganar ta koma ɓata suna a manta da motarka.

Idan sulhun ƙungiya bai yi ba, akwai hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, kuma dokarta ta 2018 ta ba ka dama, idan aka yi maka aikin da bai kai yadda ya kamata ba, ka nemi a gyara ko a mayar maka da kuɗi gwargwadon abin da aka tauye ka. Ana shigar da ƙorafi ta intanet. Kano ma tana da tata hukumar ta jiha. Sannan akwai kotun ƙananan basussuka da aka buɗe a Kano a 2019, wadda aka fara da iyakar naira miliyan 5, ba dole sai da lauya ba, kuma an tsara ta ne a gama shari'a cikin kwana 60. Sai dai tana son adadi tsayayye, kuma sai ka fara aika musu takardar neman kuɗinka. Ni ban kai ga shiga kotun ba. Takardar kawai na aika, haɗe da hotunan notukan nan, sai ga Alhajin ya kira ni da kansa.

Sun mayar mini da kuɗin giya a biya biyu. Kuɗin janwe da na indomi kuwa har gobe, sun rantse ba su san zancen ba, ni kuma ba ni da hoton salansar kafin in kai ta. Manajan yana nan a kujerarsa, ko haƙuri bai taɓa ba ni ba, kwanaki ma na gan shi a wajen ɗaurin aure ya miƙo mini hannu kamar ba abin da ya faru. Na karɓa saboda idon mutane, amma hakkin daren nan da Hajiya ta yi a bakin titi ban yafe ba.

Af, idan za a ɗora maka wata giyar, ka je kasuwa da ƙafarka tare da bakaniken da ka yarda da shi, a ɗora kana tsaye, ka sayi man da hannunka a cikin galan mai hatimi. Ka sa a duba lagireto ma, domin man giyar ta cikinsa yake bi ya huce, idan ya toshe ko ya huje sabuwar ma ba za ta daɗe ba.

Wace iriyar mota ce taka, kuma ta banki ka biya ko hannu da hannu? Idan a Kano kake ka yi mini magana, in haɗa ka da dattijon nan ya duba maka notukan kafin ka koma musu. Allah ya fitar maka da hakkinka.